Kitson Dattijo

Da la'asar sakaliya Zulfa mai kitso ta sauka daga Keke Napep a bakin layin su Mama Lois a unguwar Madaki, da kwali a hannu ɗaya, ledar ɓawon kankana a ɗayan. Ɓera ta zo ɗauka.

Ba ɓeran gida ba, ɓeran Masar, irin mai dogon gashin nan da ba shi da wutsiya. Dattijo ake ce masa. Na Mama Lois ne, tsohuwar malamar firamare da ta shekara da shekaru tana zuwa wurin Zulfa kitso. Tun farkon damina shanyewar ɓarin jiki ta kama tsohuwar, 'yarta Hilda ta ɗauke ta ta kai ta gidanta a unguwar Arawa, ta garƙame gidan Madaki da kwaɗo. Ta kwashi talabijin, ta kwashi firji, ko bokitin wanka ba ta manta ba. Mai rai guda ɗaya da ke gidan kuwa, shi ta bari. Kai, wasu mutane sai Allah!

A ranar da hantsi Zulfa ta je Arawa dubiya, ta tarar da tsohuwa ta ƙi abinci. An kawo kunu, ta kau da kai. An kawo shayi, ta datse haƙora. Bakin ya karkace, kalma ɗaya kawai ke fita: "Dattijo."

"Kin ji ko?" in ji Hilda, tana huci. "Ɓera fa! Ni ke wanke ta, ni ke juya ta, amma sunana bai zo bakinta ba sai na ɓera."

"Anti Hilda, in ba ta gan shi ba, ba za ta ci ba. Haka za mu zuba ido yunwa ta ƙarasa ta?"

Hilda ta ciro makulli ta wurga mata a ƙasa. "Je ki. In mushe kika tarar, ki jefa a bola. Kada ki kwaso min wari ki kawo min gida."

Abin da ya kawo Zulfa Madaki ke nan da yamma, bayan ta sallami masu kitso.

Wata maƙwabciya na shara a ƙofar gida. Da ta ga makulli a hannun Zulfa sai ta miƙe, ta dube ta sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, magariba ta kawo kai. Gidan nan za ki shiga?"

"Yanzu zan fito."

"Ke kika sani. In kunne ya ji, jiki ya tsira." Ta kora 'ya'yanta ciki, ta bugo ƙofa, har da sakata.

Zulfa ta yi tsaki ta buɗe kwaɗon.

Ciyawa ta cinye tsakar gida har gwiwa. Warin danshi, warin ruɓaɓɓen ganye, can ƙasa-ƙasa kuma zarnin fitsari. Shi ta bi har tsohuwar madafa. Keji na nan, ƙofarsa ta ɓalle. Ga wani kasko da ruwan sama ya taru a ciki ya yi gansakuka. Da wannan ruwan da ciyawar tsakar gida bawan Allah ya rayu.

Yana can lungun murhu, ya dunƙule kamar tsumma. Da ta matso sai ya hau kaɗa haƙora, kaf-kaf-kaf, yana ja da baya alhali babu wurin zuwa.

"Haba Dattijo," ta ce a hankali. "An yi maka rashin mutunci, na sani. Zo ka ci."

Ta miƙa ɓawon kankana. Ya daɗe yana shinshina kafin ya kai baki. Da ta ɗauke shi sai zuciyarta ta karye. Ƙashi ne zalla a cikin gashi. Ido ɗaya ya yi fari da yana. Faratan sun yi tsawo sun lanƙwashe sun koma cikin tafin ƙafa, gashin kuwa ya cukurkuɗe ya kama ƙasa da kashi. Wallahi ta ji haushin Hilda har cikin wuyanta.

Da ta saka shi a kwali a lokacin ta kama hanya, da ba a yi labari ba. Amma mai kitso ba ta iya ganin cukurkuɗaɗɗen gashi ta kau da kai. Kuma ta ce a ranta, in Mama Lois ta gan shi a haka, baƙin ciki ne zai ƙarasa ta, ba yunwa ba. Sai ta jawo wata kujera 'yar tsuguno zuwa bakin madafa inda akwai sauran haske, ta shimfiɗa shi a cinya, ta buɗe jakarta: almakashi, mataji, tsinken kitso, man kaɗe.

Ta fara da farata. Ƙas. Ƙas. Ya ɗan zabura, ta shafa bayan kunnensa har ya kwanta. Ta jiƙa gefen zanenta ta goge masa ido, ta goge ƙarƙashin ciki. Can sai ta ji wani ɗan gurnani a jikinsa, mai taushi, yana ratsa cinyarta. Tsoho ya ji hannun mutum. Ya miƙe ƙafafu ya ɗora haɓa a kan gwiwarta.

"Yauwa, ɗan gari. Saura gashi, mu tafi wurin Mama."

Ta lakato man kaɗe ta shafa a dunƙulen farko, ta sa tsinke. Tsinken ya ƙi shiga. Ta ɗaga shi wajen haske ta duba da kyau.

Ba cukurkuɗewa ba ce. Kitso ne.

Ƙanana, siri-siri kamar zaren ɗinki, jere reras tun daga ƙeya har gindi. Zulfa ta yi kalaba iri-iri a rayuwarta, ba ta taɓa ganin yatsan da zai iya kama wannan ba. An ja shi da mugunta, har fatar ta tsattsage ta yi gyambo a tsakanin layi da layi. Wasu sun tsufa sun kama datti. Wasu kuwa sababbi ne fil, ko kwana ba su yi ba.

A gidan da ke kulle tun farkon damina.

Tsikar jikinta ta tashi. Amma Dattijo ya yi wani ɗan kuka da ta taɓa gyambon, sai fushi ya danne tsoro.

"Wace muguwa ce ta yi maka wannan? Allah ya isa!"

Ta hau tsifa. Layi bayan layi, tana shafa mai, tana tajewa. Gashin na saki, dabbar na sauke numfashi. Daga masallacin unguwa aka ɗaga kiran magariba.

Ladan bai kai tsakiya ba, sautin ya yanke.

Kwaɗin da ke kuka a bayan katanga suka yi tsit. Ba ƙarar babur, ba kukan yaro. Kamar an cusa mata auduga a kunne.

Wani wari ya taso. Tsohon man shanu da ƙonannen gashi.

Dattijo ya sandare a cinyarta.

Ɗankwalinta ya zame. Ba iska. Ya zame ne a hankali, yadda ita take zare na masu zuwa kitso, ya faɗi a bayanta.

Sai gwiwoyi biyu suka matse kafaɗunta, dama da hagu. Sanyi ƙalau. Bayanta bango ne, babu wurin da mutum zai zauna.

"Wa ya ba ki izini?"

Muryar tsohuwa ce, a saitin kunne, ba numfashi a cikinta.

"Ke ba mai kitso ba ce? A gidanku ana tsefe aikin wata ba a tambaye ta ba?"

Zulfa ta buɗe baki za ta karanta Ayatul Kursiyyu. Harshen ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

"Sunkuyo."

Ta ƙi. Aka kai mata ranƙwashi a tsakar ka, irin wanda ake yi wa yarinya mai motsi. Idonta ya kawo ruwa. Kan ya sunkuya.

Wani abu mai tsini ya ja layi daga goshinta zuwa ƙeya. Ba tsinke ba ne. Farce ne.

Aka kama gashin gaba, aka raba uku, aka ja.

Azaba! Kamar za a ɗaye fatar kan. Yatsun suna gudu, sun fi na mutum yawa, tana jin kitson na tafiya baya. Wani abu mai ɗumi ya gangaro mata ta gefen ido.

"Ajiye min shi," in ji muryar. "Nawa ne. Ajiye shi a ƙasa, ki tashi ki tafi da kanki."

Gwiwoyin suka ɗan saki, don ta san da gaske ake.

Ƙofar gida na can a buɗe. Ba nisa.

Ta dubi cinyarta. Dattijo ya cusa kai cikin tafin hannunta, zuciyarsa na bugawa fat-fat-fat. Ta tuna bakin Mama Lois a datse, da kofin kunu yana hucewa.

Hannunta na dama ya lalubi ƙasa. Mataji. Gwangwanin mai. Almakashi.

"Ba ki ji ba ne?"

"Bismillahi!" Kalmar ta fito da ƙyar, kamar an fizgo ta. Ta kai almakashin kanta ta datse gashin daga tushe, daidai inda aka riƙe.

Aka yi wata ƙara a bayanta, ba ta mutum ba, ba ta dabba ba.

Ta rungume Dattijo ta zura da gudu. Ciyawa na kama ƙafarta. Takalmi ɗaya ya fita. Ta ci karo da ƙyauren ƙofa, ta faɗa titi.

Sauti ya dawo gaba ɗaya. Ana tayar da salla, wani babur ya wuce yana hon. Kwali, jaka, ɗankwali, duk ta baro su. Mai Keken da ya tsaya mata ya ga mace kai ba ɗankwali, jini a goshi, ɓera a ƙirji, ya so ya ja abinsa. Sai da ta haɗa shi da Allah.

A Arawa, Hilda ta buɗe ƙofa ta toshe hanci. Zulfa ta ratsa ta gefenta ta shige ɗaki, ta ɗora Dattijo a ƙirjin tsohuwa.

Hannun Mama Lois mai lafiya ya taso, ya nutse cikin gashin. Ta shafa, ta sake shafawa. Hawaye ya bi ta gefen bakin da ya karkace. Dattijo ya fara ɗan gurnaninsa. Da aka kawo kunu, ta buɗe baki ta sha, har ta nemi ƙari.

Sai a lokacin ta ɗaga ido ta ga kan Zulfa.

"Yesu," ta ce. Maganar na fita a jaye, amma ana ganewa. "Gashin da kika yanke, yana ina?"

"Yana can, Mama. A hannunta."

Tsohuwar ta runtse ido. "Tun Hilda na ƙarama take zuwa gidan da magariba. Yarinya ta kwanta da kai a tsefe, ta tashi da kitso da jini. Shi ya sa na fara kiwon masu dogon gashi. In ta sami na kamawa, tana barin mutane." Ta numfasa. "Kullum da safe ni ke sassauta masa, in shafa mai. Da na kwanta, ba mai yi."

Hilda ta dafe kanta da hannu biyu, ta ja da baya har ta jingina da bango.

"To a mayar da shi!" ta ce. "Yanzun nan! Zulfa, ke kika ɗauko, ke za ki mayar. Ba za a jawo min bala'i gida saboda ɓera ba."

Mama Lois ta rufe Dattijo da hannunta, tana duban Zulfa. Ta san abin da take roƙo, ta kuma san wanda zai biya, don in waccan ta fara kitsa kan mutum ba ta barinsa rabi.

Zulfa ta shafa wurin da ta yanke. Yana zugi.

"Ba inda za shi," ta ce. "Anti Hilda, ara min reza."

Dattijo ya ga ƙarshen damina. Ya yi ƙiba, gyambon ya warke, kullum Zulfa na zuwa ta taje shi a gaban tsohuwa. Wata ranar Lahadi da rana ya mutu a cinyar Mama Lois, gashinsa a sake, tana shafa shi. Tsohuwar kuwa tana nan da ranta, tana cin tuwonta, har ta fara dogara sanda.

Zulfa na nan tana kitso a unguwarsu. Masu zuwa suna tsokanarta, wai mai kitso guda ba a taɓa ganin nata kan ba, kullum ɗankwali a ɗaure tamau. Dariya kawai take yi. Ba su san kan a aske yake ƙwal ba, kuma ba ta bari rana ta faɗi ba ta bi shi da reza ba.

Sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da ita, ta yi 'yan kwanaki ba ta iya ɗaga hannu ba. Da magariba, tana kwance ita kaɗai, ta ji yatsu masu sanyi suna bin tsiron gashin, suna gwada kamawa, yana suɓucewa.

"Bai kai ba tukuna," aka ce a kunnenta. "Ina jira."