Jallabiyar da Ke Kan Ƙusa

"Khalas, ya isa haka, Basma! Ko ya dawo Makka, ko ya sauwaƙe miki!"

Umma, mahaifiyar Basma, ta fizge jallabiyar surukinta Sabi'u daga kan ƙusa ta jefar a gaban 'yar tata.

"Umma, aiki ne ya riƙe shi a Tabuk..."

"Aure ne wannan? Miji a waya!"

Rawan, 'yar ƙanwar Umma, wadda ta taɓa son Sabi'u amma ya ƙi ta, ta taɓe baki. "Direban babbar mota, habibti? Kowane gari da tasa."

Basma ta tafi aiki zuciyarta na ƙuna. A wani masauki a unguwar Misfala take, tana tura tsofaffin mata a keke zuwa Harami. Ranar wata baƙar fata 'yar Amurka ta samu, Hajiya Khadijatu, mai Larabci tsinci-tsinci da idon da ba a ɓoye masa komai.

"Ya binti, wa ya sa ki kuka?"

Basma ta zayyane mata duka.

Tsohuwar ta yi murmushi. "Kakar kakata wankau take yi a birni bayan an 'yanta bayi. Mijinta yana can daji, sansanin yankan katako. Riga biyu gare shi. In ya zo, a ƙafa fa, sai ya bar mai datti ya saka wankakkiya."

"Ba ta yi zarginsa ba?"

"Mutane sun yi mata. Ita dai wanki take, shi kuma bai taɓa tafiya da rigunan duka biyu ba. Haka suka raini 'ya'yansu."

Basma ta tuna da jallabiyar nan. Shi ma Sabi'u, duk zuwansa sai ya rataye ɗaya ya tafi, ita kuwa tana yi masa tsiyar mantuwa!

Tana komawa gida ta wanke jallabiyar, ta goge, ta turara ta da turaren wuta, sannan ta kira shi.

"Rigarka na jiranka, hayati... Umma ta ce in ba ka dawo ba..."

"Kar ki ƙarasa, ruhina."

Ranar Juma'a sai ga shi, idanu jajur, ya durƙusa gaban Umma.

"Umma, in na ce zan bar aikin na yi ƙarya, da shi nake ciyar da gidana. Amma wallahi ba ni da inda nake komawa sai nan."

Umma ko kallonsa ba ta yi ba. Rawan kuwa har da gyara zama.

Ya shiga ciki ya fito fes cikin wankakkiyar, ya rataye ta jikinsa, duk baƙin mai, a kan ƙusar nan.

Basma ta miƙa hannu za ta ɗauka.

Umma ta riga ta. Ta daɗe tana jujjuya rigar, tana duban inda sitiyari ya cinye hannun rigar.

"Matsa," ta ce. "Ba ki iya fitar da baƙin mai ba. Ni zan wanke wa ɗana."