Ba Baffa Zai Ba Da Ni Ba

"Ban yarda Baffa Mutari ya zama waliyyina ba."

Inna ta aje ƙwaryar wake ta dube ni. Saura kwana tara ɗaurin aurena da Muttaƙa, har goro ya iso garinmu Yekuwa.

"Zalika, ubanki ya rasu tun kina goye. In ba ƙanensa ba, wa zai ba da ke?"

"Kowa ma, Inna... ban da shi."

Ba ta tambaye ni dalili ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ina ƴar shekara tara Baffa ya fara aikena rumbunsa ɗebo gero, yana biyo ni a baya. Yanzu shekarata ashirin da shida, ina koyarwa a makarantar lakwal a Waca, amma har yau in na ji warin tsohon gero sai in bar wurin.

Kafin la'asar magana ta zaga dangi. Baffa ya aika wa iyayen Muttaƙa cewa iska ta taɓa ni, su yi hattara.

Muttaƙa ya zo a babur, ya iske ni bakin rijiya.

"Zalikata, me ke faruwa?"

"In na faɗa, tafiya za ka yi."

"Faɗi ki gani."

Na faɗa, idona a kan guga. Da na ɗago, kuka yake.

"Shekara goma sha bakwai, ke kaɗai? Wallahi ba daga bakinsa zan karɓe ki ba!"

Limamin unguwarmu a Waca ya yarda ya tsaya mini. Ranar ɗaurin aure, tabarmar da aka shimfiɗa wa dangina babu kowa a kai. Da hantsi sai ga amalanke, Inna ita kaɗai, da ƙullin kaya.

Ta shigo ɗaki, ta kasa zama.

"Ni na wanke zanenki a waccan kakar," ta ce. "Na gani, na yi shiru, don a gidansa muke ci. Sai na kawo ki nan Waca, na ce karatu."

Duk shekarun nan ina lallashin kaina da cewa ba ta sani ba.

"To me ya kawo ki yau, Inna?"

"Sun ce in na zo, kada in koma." Ta dubi ƙullin da ke hannunta. "Ina zan aje?"

Bakina ya kasa cewa na yafe. Na dai matsa mata a bakin gado.