Takardar da Afra'u ta Cike

Rana ta take tsaka a Yalwawa, amma Afra'u tana durƙushe a tsakar gida tana shanyar zoɓo, yatsunta sun kumbura, jan tabon da ya ratsa kumatunta yana mata zafi kamar an barbaɗa barkono. Marainiya ce, ba ta da inda za ta kai kuka. Tun da Gaji, yayar mijinta Misbahu, ta yo yaji daga Jahun ta tare a gidan, Afra'u ba ta sake hutawa ba. In ta ce gaɓoɓinta na ciwo, a ce lalaci ne. Da gashinta ya fara zubewa kuwa, sai Gaji ta bi gidajen maƙwabta tana cewa man bilicin ne ya cinye mata fuska, har surukar Afra'u, Inna Iyatu, ta daina cin girkinta... Sai dai Afra'u ta share hawaye ta ce, "Allah, Kai ne shaidata."

Misbahu ne ya matsa suka je asibiti, aka gano ciwon lufus ne, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Likitar ta ba ta wata takarda mai tambayoyi, ta ce a ƙasar Sin aka fara tsara irinta don auna zaman masu ciwon da iyalansu. Yawancin tambayoyin maki ɗaya zuwa biyar ne. Afra'u ta cike ta har da sunayen mutanen gidan ta ajiye, tun ba su kai ga yi wa su Inna bayanin ciwon ba.

Gaji ta tsinci takardar a ƙarƙashin filo. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta gane sunayensu. Bayan la'asar ta tara kowa.

"Inna, ƙararmu ta rubuta za ta kai wa likita. Misbahu, karanta kowa ya ji!"

Afra'u ta sunkuyar da kai. Misbahu ya fara karantawa. Kulawar miji, biyar. Zama da suruka, biyar, har Afra'u ta ƙara da cewa, "Ita ce uwar da Allah Ya musanya mini." Da ya zo kan tambayar ko akwai mai ƙara mata wahala a gida, sai ya ɗago ya dubi Gaji.

"Ta rubuta... babu. Ba su san ciwon ba ne, da sun sani da sun tausaya."

Ya juya bayan takardar, ga bayanin likita: ba shafe-shafe ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa, kuma zafin rana tayar da shi yake yi.

Inna ta fashe da kuka, ta jawo Afra'u jikinta. "Ki yafe mini, 'yata." Sannan ta dubi Gaji. "Duk gidan da kika shiga da wannan ƙarya, ki koma ki warware ta da bakinki. Gobe kuma motar Jahun, na gaji da yajin nan."

Gaji ta ja mayafi ta fita, ko takalmi ba ta saka daidai ba.

Misbahu kuwa yana nan yana duba takardar, ya ɗaure fuska.

"To ni me ya sa kika ba ni uku a taimakon aikin gida?"

Afra'u ta goge ido, murmushi ya suɓuce mata.

"Yaya, tuwon da ka tuƙa ranar Asabar fa... ko kaji sai da suka yi shawara kafin su ci."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ukun ma alfarma ta yi maka. Tashi ka hura wuta, yau ni zan yi wa 'yata girki."