Tuwon Wanda Bai Dawo Ba

A can wani zamani, a wani ƙauye da fari ya addaba, an yi wata tsohuwa wadda ɗanta ya tafi neman abinci ƙasa mai nisa. Kullum da yamma sai ta zuba masa tuwo a akushinsa, ta rufe da faifai, ta ce, "Wataƙila yau ya dawo." In gari ya waye bai dawo ba, ta ɗumama ta karya da shi.

Ran nan ta rufe tuwon ke nan sai ta ji sallama. Ta fito har tana tuntuɓe. Ashe wani baƙo ne, ƙafafunsa duk faso, ko Hausa ba ya ji. Cikinsa kawai ya nuna mata.

Maƙwabciyarta ta ce, "Iya, in kika ba shi, ɗanki ya iso fa?"

Tsohuwa ta daɗe tana duban akushin. Can ta ɗauke faifan, ta miƙa wa baƙon.

Ta ce, "Shi ma wata na can tana rufe masa tuwo. Ya Allah, ga nata a ƙofata. Ka kai nawa ƙofar da za a buɗe masa."

Tun daga ranar, a zaure take ajiye akushin.