Ƙodar da Auta Ta Yi Alkawari

"Idan ranar da za a yanka ki kika zo gaya min, Tsuntsuwa, don Allah ki koma. Ba na son ji."

Ko ɗagowa bai yi ba. Yana sunkuye a kan teburin aikinsa, yana jan abin yankan gilashi a kan wani faffaɗan madubi, ƙiiii, kamar kukan ɓera.

Auta, wadda shi kaɗai yake kira Tsuntsuwa, ta tsaya a bakin shagon. Madubai ne ko'ina, wasu a jingine, wasu a rataye. Duk inda ta juya ita ce. Ta ga kanta ta gaba, ta gefe, har ƙeyarta ta gani. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga wadda ta yi kama da marar lafiya a cikinsu ba.

"Dogo, ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu da zuwa."

"Haka ake faɗa?"

"To yaya kike so in faɗa? Na roƙe ki, na yi fushi, na yi kuka kamar yaro... Kika ce ƙodarki ce, yayanki ne, babu ruwana. To babu ruwana!"

Rigimar ta daɗe. Yayan Auta direban babbar mota ne a da. Ƙodojinsa duka biyu suka daina aiki, yanzu asibiti yake zarya ana yi masa wankin ƙoda. Aka gwada mutanen gidan kaf, Auta ce kaɗai tata ta dace, ta ce za ta ba shi ɗaya. Dogo, da ya rage kaɗan ya aure ta, tsoro ya kama shi. Ya je har gida ya roƙi Mama a nemi wata hanya. Yaya yana kwance a ɗaki, ya ji komai da kunnensa. Tun ranar ya ce muddin yana numfashi, mai madubin nan ba zai auri ƙanwarsa ba. Mahaifinsu kuwa ya rasu, maganar Yaya ita ce magana a gidan.

"Ba zan ba shi ba," Auta ta ce.

Abin yankan ya suɓuce daga hannun Dogo.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan ba Yaya ƙodar ba."

"Alhamdu lillahi!" Ya zagayo teburin, har ya kusa tuntuɓe da wani firam. "Wallahi na san za ki yi tunani! Rabin raina, kin san kwana nawa ban ci abincin kirki ba? Dubi wuyana! Zauna, zauna in kawo miki lemo. Kai, yau har wanda na tsana sai na yafe masa!"

"Dogo..."

"Za mu nema wa Yaya wata hanya, ni da kaina zan..."

"Dogo, ciwon daji ne."

Dariyar ba ta bar fuskarsa nan take ba. Ta ɗan tsaya, kamar baƙon da bai gane an sallame shi ba.

Ta zauna a kan wani akwati ta ba shi labari. Gwajin ƙarshe ne kafin dashen, hoton ciki. Likitan ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya jawo takarda ya zana mata ƙoda, kamar ƙwayar wake, ya ɗiga ɗigo a gefenta. Biron likitan yana yoyo, sai ɗigon ya riƙa faɗi, yana cin takardar a gabanta. Likitan ya ce ta yi haƙuri da biron. Ƙari ne a ƙodar hagu. An gan shi da wuri, bai ga alamar ya bazu ba, amma inda ya zauna dole a cire ƙodar ɗungurungum. Wadda ta rage kuma tata ce, ba ta kyauta ba ce.

"Ban taɓa jin ko ciwon baya ba," ta ce. "Jiya ma ni na wanke labulen wani otal gaba ɗaya a wurin aiki."

Dogo ya durƙusa a gabanta, ɓarɓashin gilashi na soka masa gwiwa, bai ji ba.

"Na yi murna, Tsuntsuwa. Kin gani? Na yi murna..."

"Ai ba ka sani ba."

"Mama ta sani?"

Ta girgiza kai.

"Yaya fa?"

"Da wane bakin zan gaya masa?"

Gidansu ɗakuna biyu ne da falo, amma tun daga ranar ya koma mata kamar cikin akwati. Mama ba ta barin ta ɗauki ko bokiti. Tsoka mafi girma a kwanonta take sauka.

"Ci, 'yar albarka. Mutum biyu kike ci wa."

"Mama, in maƙwabta suka ji ki sai su zaci wani abu ne," Yaya ya ce daga kan doguwar kujera, yana tsotsar 'yar ƙanƙara. Likita ya ƙayyade masa ruwa, don haka ƙanƙara yake sa wa a baki ya yaudari ƙishi. Ƙafafunsa a kumbure, an ɗora su a kan filo. A saman talabijin kuma ga wani ƙaton jug na gilashi da ya sa aka sayo masa, babu komai a ciki, kullum sai ya sa an goge shi.

"Auta, kin gan shi? Ranar da aka sallame ni, cika shi za ki yi har baki. A tsaye zan shanye. Wanda ya hana ni, mu yi dambe."

"To, Yaya."

"Ke, me kike sha a kofin nan? Ki kula min da ƙodata fa, amana na ba ki!"

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. Auta ma ta yi. Sai ta tashi ta shiga banɗaki, ta buɗe famfo don kada a ji ta, ta dafe gefen cikinta na hagu. Babu zafi, babu kumburi. Abin yana zaune shiru, kamar ɗan haya mai ladabi.

Kowace safiya takan ce yau zan faɗa. Sai ta tarar da Yaya yana lissafa garuruwan da zai sake tuƙa mota, ko Mama tana yi wa maƙwabciya bayanin irin zuciyar 'yarta. Sai ta haɗiye. Asibiti kuwa sun riga sun ba ta ranar tiyata, ranar tana matsowa.

Dogo ne ya tare ta a bakin shagon wankin da take aiki.

"In je in gaya masa?"

"Kai? Da sanda zai raka ka."

"Ya raka ni. Tsuntsuwa, kina ramewa. Ciwon bai fara cin ki ba, shirun nan ne yake cin ki."

"Idan na faɗa, na kashe shi, Dogo. Ni kaɗai yake kallo."

"Idan ba ki faɗa ba fa? Sai an tura ki ɗakin tiyata, ya tsaya yana jiran a kira shi?"



A ɗakin wankin ƙoda ta gaya wa Yaya. Ba dabara ba ce, nan ne kawai Mama ba ta shiga, don ba ta iya ganin jini. Ɗaki ne dogo, kujeru a jere, kowace da injinta. Mutane a kwance, bututu biyu a hannun kowa, jini na fita ta ɗaya yana dawowa ta ɗaya. Injin Yaya yana wani kuka ƙasa-ƙasa kamar tattabara. A kujerar kusa da shi wani tsoho ne mai barci da ido ɗaya a buɗe.

Ta faɗa a gurguje, idonta a kan bututun.

Yaya ya zuba mata ido. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"Mai madubin nan ne ya kitsa miki?"

"Yaya!"

"Ki faɗa min gaskiya. Idan tsoro kike ji, ki ce tsoro nake ji. Kada ki ƙirƙiro wa kanki ciwo."

Ta ciro hoton daga jaka ta ɗaga masa a saitin fitila. Bai iya karanta hoto ba, amma ya iya karanta ƙanwarsa.

"To ni fa?" ya ce.

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Ya ji ta da kunnensa, ya runtse ido. Ya yunƙura zai tashi, injin ya ɗauki ƙara, nas ta taho da gudu.

"Direba! Kwanta! So kake allurar ta fice?"

Ya koma ya kwanta. Babu inda za shi. Ya juya fuska ga bango, kafaɗarsa na motsi. Auta ta zauna a bakin kujerar, ita ma ba ta iya tafiya ba. Haka suka zauna, jininsa na zagayawa a tsakaninsu.

"Ki yafe min," ya ce can. "Kin ce min kina da ciwon daji, ni kuma na ce ni fa. Wane irin yaya ne wannan?"

"Mai ƙishi," ta ce, tana share hanci.

Ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. Ya juyo.

"Tsaya. Likitan ya ce da wuri aka gani?"

"Eh."

"Kuma ba kya jin komai?"

"Ko kaɗan."

"Wato da ba don za ki ba ni ba, babu wanda zai ɗauki hoton cikinki?"

"Haka ya ce. Ya ce irin wannan yakan yi shiru har sai ya girma."

Yaya ya kalli injin daga sama har ƙasa, kamar yau ya fara ganin sa.

"Kullum ina tambayar Allah, me ya sa ni? Me na yi aka ɗaure ni a jikin wannan abin kamar akuya?" Ya miƙa hannun da babu allura ya kamo nata. "Ashe gadinki aka sa ni, Auta. To na karɓa. Ki je a cire shi. Ki bar min Mama, ni zan gaya mata."

Ranar tiyatar ta faɗo daidai da ranar wankinsa. Ya roƙi a canza, aka ce jikinsa ba zai jure jinkiri ba. Ɗakin wanki yana ƙasa, ɗakin tiyata yana can saman bene, lif kuma ya lalace.

Mama ta raka Auta har ƙofa, ta tofa mata addu'a, ta sauko za ta jira a bakin ɗakin da Yaya yake. A tsakiyar matakala ta tsaya. Sama 'yarta, ƙasa ɗanta. Sai ta shimfiɗa gyalenta a nan inda matakalar ta yi kwana, ta zauna da carbinta. Masu wucewa suna raɓa ta.

Kafin a tura gadon, Auta ta kamo hannun rigar Dogo.

"Ina jin tsoro."

"Ni ma, rabin raina. Amma ina nan a bakin ƙofa, ko motsi ba zan yi ba."

"A'a. Yaya ba ya iya tasowa, kuma ba a barin waya a kunne kusa da injinsa. Ka riƙa kai masa labari."

"Tsuntsuwa, mutumin nan ko sunana ba ya son ji..."

"Don Allah."

Ya sauka. Ya tsaya a ƙarshen kujerar Yaya kamar ɗan makarantar da ya makara.

"An shiga da ita."

Yaya bai kalle shi ba. "Na ji."

Ya hau. Ƙofa a rufe, jar fitila a samanta. Ya sauka.

"Ba su fito ba."

"To me ka zo yi?"

"Ita ta ce in riƙa zuwa."

Ya hau, ya sauka, ya hau. Duk wucewa sai Mama ta ɗago, ya girgiza kai, ta koma kan carbinta. Rigarsa ta jiƙe ta manne a bayansa. Tsohon nan mai barci da ido ɗaya ya buɗe na biyun, ya ce wa nas ta ba yaron nan kujera kafin shi ma a ɗaura masa inji.

"Kai," Yaya ya ce a wani zuwan. "Ranar da ka zo gidanmu ka ce a nemi wata hanya..."

"Yaya, ka yi haƙuri. Tsoro ne. Ban iya tunanin wuƙa a jikinta ba."

"Yanzu na san irin sa," Yaya ya ce, idonsa a kan silin. "Koma ka gani."

Wannan karon ya daɗe bai dawo ba. Yaya ya zuba wa ƙofa ido, hannunsa na damƙe da ƙarfen kujera. Sai ga ƙarar takalmi a matakala, da muryar Mama tana kabbara tana kuka.

Dogo ya faɗo ɗakin, ya dafa gwiwoyinsa, numfashi ya ƙi ba shi magana.

"Yi magana mana, ɗan banza!"

"An cire... an cire, Yaya! Likita ya ce ya fita lafiya, sauran sai sakamakon gwaji. Ta buɗe ido. Ta ce... ta ce wai ka ci abinci?"

Yaya ya rufe fuska da tafin hannu ɗaya. Ya daɗe a haka.

"Mai madubi."

"Na'am, Yaya."

"Ƙafafunka na da sauran hawa ɗaya?"

"Ko goma ne."

"To hau ka ce mata na ci. Ka kuma ce mata, idan ta warke, ta zo ta kwashe ka daga gabana, na gaji da ganin ka. Na ba ka ita."

Dogo ya tsaya baki buɗe. Ya matso zai rungume shi, nas ta daka masa tsawa saboda bututun. Ya juya da gudu, ya kai ƙofa, sai ya tsaya ya waiwayo.

"Kai fa, Yaya? In bar ka kai kaɗai?"

Yaya ya ɗan ɗaga hannun da allurar ke ciki, ya mayar.

"Je ka abinka. Ni ina nan. Ina za ni?"