Hannu a Dunduniyar Kombo

Da la'asar sakaliya Kombo Faki ya rataya tawul a kafaɗa, ya ce wa matarsa zai je sayo kifi.

"Kifi da tawul, Baban Zuhura?" in ji matar tasa, Bi Mwanaisha. "To, ka gaishe min da kifin. Ka ce masa ba da yawuna tumbin nan ya koma iyo ba."

Zamanin da Kombo yake da ƙugu, duk garin Tanga ba mai ja da shi a ruwa sai Makame Shaame. Sai aure ya zo, shago ya zo, shinkafar pilau ta zo ta zauna daram. Yanzu an sa gasar iyo ta tsofaffin hannu a teku, Makame kuma yana ta faɗa a wurin shan gahawa wai Kombo ko a baho sai an riƙe shi. Kombo ya rantse sai ya kunyata shi. Shi ya sa yake atisaye a ɓoye, a wani tsohon tafkin siminti da ruwan teku ke cikawa, bayan kowa ya watse.

Sai dai ya lura ana leƙensa. Shekaranjiya ya tarar da jiƙaƙƙen sawu a bakin tafkin, alhali ba kowa. Jiya ya fito ya sami tawul ɗinsa sharkaf. Aikin wa, in ba Makame ba?

Ya shiga. Ruwan da ɗumi, yana ƙarnin gansakuka. Jemagu sun fara fita daga itatuwan kwakwa. Ba abin da yake ji sai hucinsa da tsumbul-tsumbul ɗin hannunsa.

Masu iyo suna da ladabinsu: in na bayanka ya fi ka sauri, zai taɓa maka ƙafa, kai kuma ka raɓe a bango ya wuce. Ko ɗan koyo ya san wannan.

Yana tsakiyar tafki aka taɓa masa dunduniya.

Kombo ya yi murmushi a cikin ruwa. Ashe munafukin ya fito fili. Hanya kuwa, ko mutuwa zai yi ba zai ba Makame ba. Ya ƙara wuta.

Aka sake taɓawa.

Ya kai bango, ya waiwaya. Ruwa kore shar, kwance lumui. To, dama Makame gwanin nutso ne.

"Makame," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka girmi wannan wasan. Fito, mai kan ƙwarya."

Can nesa ladan ya ɗauki kiran magariba.

Kombo ya yi tsaki, ya sake tunkuɗa bango.

Bai yi nisa ba ruwan ya yi sanyi ƙarara. Ƙarnin ya sake, ya koma na abin da ya daɗe a ƙasan teku.

Wannan karon ba taɓawa aka yi ba. Riƙewa aka yi.

Wasu yatsu suka zagaye idon sawunsa, suka sake zagayewa. Yatsun Makame kuwa gajeru ne kamar ayaba.

Ya shura. Hannun bai motsa ba.

Ruwa ya shiga hancinsa. Fitilun gari suka dushe.

Sai murya, dab da kunnensa, a ƙarƙashin ruwa:

"Hanya."

Kombo ya wawuri bango, ya manne kamar ƙadangare.

"Wuce," ya ce. "Don Allah wuce."

Aka sake shi. Ruwan ya tsage gida biyu, tsagar ta miƙe ɗoɗar zuwa ƙarshen tafki. Ya ji dim, ƙafafu sun bugi bango, irin juyin gwanaye.

Tsagar ta nufo shi.

Yadda tumbin nan ya haye siminti, har yau Kombo bai sani ba. Ya isa gida ba kifi, ba tawul, ba takalmi.

Duk da haka zargi bai bar shi ba. Ya yanke cewa Makame ne ya haye tsibirin Pemba ya yo masa ture. Don haka ranar gasa ya fito, da hantsi, ga jama'a cike da gaɓa. Suna tafe kafaɗa da kafaɗa shi da Makame, gaɓa ta kusa, sai aka taɓa masa dunduniya. Bai tsaya shawara ba, ya kauce gefe, ya ce a wuce.

Makame ne ya ci. Ya fito daga ruwa a guje, ya wuce masu tafi, ya wuce mai riƙe da lambar yabo, sai gindin wata kwakwa. A can Kombo ya same shi yana haki.

"Barka," in ji Kombo. "Ɗan aiken naka ya yi maka rana."

"Wane ɗan aike?" Makame ya kamo hannunsa. "Kombo, don girman Allah, kai ne kake ta taɓa min ƙafa ko?"

"Ni da nake can baya?"

Makame ya dubi nasa idon sawun. Shatin yatsu, zagaye biyu.

"Ka ba shi hanya?" Kombo ya tambaya a hankali.

"Ina! Na ɗauka kai ne."

Kombo yana nan yana iyonsa, da rana tsaka, kuma ko ganye ya shafe shi sai ya raɓe ya ce a wuce. Makame kuwa ya rataye lambarsa, ko bakin teku ba ya bi. Sai dai matarsa tana ta yi wa maƙwabta mita: kullum magariba sai ta tarar da tawul ɗin maigidan sharkaf, ga jiƙaƙƙen sawu har ƙofar ɗakinsa.