Takardu Goma Sha Uku na Bahago

Ƙarfe tara na safiyar Litinin, ana yayyafi irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa, wani Sajan na 'yan sanda ya hau benen da ke saman shagon teloli. An kira ofishinsu an ce an yi sata a ƙarshen mako a ɗakin masu zanen katun, wato fim ɗin zane mai motsi. Shi dai bai san me ake sata a irin wannan wuri ba.

Ya fara da ƙofa. Kwaɗon lafiya ƙalau, ba alamar ƙarfe a jikinsa. Taga kuma da raga. A ciki kwamfuta biyu na nan, fanka na nan, har rediyon da ke kan kanta ba a taɓa shi ba. Sai tebura uku masu gilashi, kowanne da fitila a ƙarƙashi. Bango kuwa ko'ina hoton mutum ɗaya ne, dogo, mai launin toka, idonsa fari fat.

Darakta, wani kakkaura mai yawan share zufa ko ana sanyi, shi ya yi bayani. Wannan na jikin bango sunansa Mai Toka. A labarin, mai haƙa kabari ne da aka kashe bisa zalunci, ƙasa ta ƙi riƙe shi, ya dawo yana bin azzalumai ɗaya bayan ɗaya. Sai dai duk wanda ya hallaka, sai fuskar wani nasa ta goge daga ransa. Abokinsu Bahago ne ya ƙirƙiro shi a littafin zane, suka ce bari su mayar da shi fim na minti goma. Bahago ya rasu wata biyu da suka wuce, bayan doguwar jinya. Fim ɗin saura fitowa ɗaya a gama, ta ƙarshe, inda Mai Toka ya zo ƙofar mahaifinsa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke, ya juya. Takarda sittin ce, daƙiƙa biyar kacal. A cikinsu ne goma sha uku suka yi ɓatan dabo.

Sajan ya tambaya ko ba a riga an shigar da su kwamfuta ba. Aka ce na'urar ɗaukar hoton takardun tana wurin gyara. Ya tambaya ko ba za a sake zanawa ba. Darakta ya dube shi kamar ya ce a sake haifo marigayin.

"Ba sai ka sha wahala ba, yallaɓai," in ji Darakta. "Makulli biyu ne, nawa da nata. Wani kamfani ya nemi ta kai musu samfurin aiki. Da ɗan gari akan ci gari. Ka tafi da ita kawai."

Wadda yake nufi tana zaune a teburin ƙarshe, hannunta a cinya. Shiru-shiru suke ce mata. Shekararta shida tana aiki a bayan Bahago. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Sajan ya ce ba a ɗaukar mutum kamar buhu. Ya ce kada kowa ya taɓa komai, ya fara da na ukunsu, Mai Kwamfuta, wanda ke sa launi. Wannan bai daɗe a hannu ba. Ba shi da makulli, Asabar da Lahadi kuma yana asibiti wurin matarsa da ta haihu, ga hoton jaririya a waya yana ta neman wanda zai nuna wa. Ya ƙara da cewa shi in zai yi sata ai hoto zai ɗauka ya bar musu takardarsu, me zai yi da nauyi. Sajan ya yi masa barka, ya sallame shi gefe.

Sannan ya ce wa Shiru-shiru ta nuna masa yadda aikin yake. Ta miƙe ta jawo tarin takardun da suka rage. Kafin ta buɗe, sai ta juya tarin gaba ɗaya, kai ya koma ƙasa, ba tare da ta ma san ta yi ba.

"Me ya sa kika juya?"

Ta dubi hannunta. Ta ce kowace takarda tana da huda uku a gefe ɗaya, inda ake zura ta a ƙusoshin tebur don kada zane ya goce. A ɗakin nan ƙusoshin a ƙasa suke, ta wajen cikin mai zane, don haka huda kullum ƙasa take kallo. Yau ta tarar da ita a sama.

Sajan ya waiwayi Darakta ya tambaye shi ko shi ya juya da safe. Ya ce a'a, shi gefen kawai ya ɗaga ya ƙirga lambobi, ya ga giɓi. Sajan ya rubuta a ɗan littafinsa.

Ta ci gaba. Bahago shi ke zana manyan zanuka, wato inda motsi ya fara da inda ya karya da inda ya tsaya, sai ya zagaye lambar takardar da da'ira. Ita kuma ta cike tsakani. A wannan fitowa masu da'ira goma sha shida ne.

Sajan ya zauna ya bi takardun ɗaya-ɗaya, a hankali, da bayan yatsa. Duk goma sha ukun da suka ɓata masu da'ira ne. Amma ga uku masu da'ira an bar su a wurinsu: ta arba'in da ɗaya, ta hamsin, da ta sittin. Ta sittin kuwa ita ce mafi kyau a idonsa, Mai Toka ya juya baya, kafaɗarsa ta faɗi. Ɓarawon da ya san darajar da'ira, me zai sa ya bar wannan?

Ya ce sauran biyun su sauka ƙasa su ba shi wuri. Da suka fita, ya ajiye takardun uku a gabanta.

"Ƙanwata, wa ya zana waɗannan?"

Ta gyara zaman takardun a kan teburin, shi kuma ya ƙara da cewa:

"Darakta yana so ki kwana a wurinmu. Ni kuma ba na so. Ki taimake ni."

Sai ta faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa. A makonninsa na ƙarshe hannun Bahago ya fara rawa, fensir ba ya zama. Ya roƙe ta ta zana ukun da suka rage da irin hannunsa, shi kuma ya sa da'irar. Ya ce kada kowa ya sani, yana so a ce shi ya kai Mai Toka har ƙarshe. Ta kwana biyar tana kwaikwayonsa. Darakta ya gani ya yaba, ya ce Bahago ko ciwo bai karya masa hannu ba.

"Na gwammace a kulle ni da a ce bai ƙarasa ba," ta ce.

Sajan ya rufe littafinsa. Ya kira Darakta ya tambaye shi abu ɗaya: ina makullin Bahago? Darakta ya tuna sun tattara jakarsa da rigarsa ta sanyi sun kai gidansu lokacin gaisuwa, ba wanda ya duba aljihun jakar. Mahaifiyar ta daɗe da rasuwa, mahaifin ne ya karɓa. Amma Darakta ya yi dariya ya ce a cire tsohon nan daga lissafi. Mai rubuta allunan shaguna ne, ya so ɗan ya gaje shi, ɗan ya ƙi. Zanen aljanu yake kiran aikinsu. Shekara huɗu ba su yi magana ba, ko benen nan bai taɓa hawa ba.

Sajan ya ce wa Shiru-shiru ta ɗauko takardun ta zo su je shagon tsohon.

Shagon yana ƙarshen wani layi, bayan masu walda. Tun daga nesa ta ja ta tsaya. Ƙofar katako ce koriya, da faci na kwano a ƙasanta, da wata baƙar ƙusa a gefe inda ake rataya tsumma. Ta ce wannan ita ce ƙofar da ke cikin fim ɗin, har ƙusar. Wata shida tana zana ta, ba ta san akwai ta a duniya ba.

Tsohon yana durƙushe yana rubuta allon wani kantin magani. Da hannun hagu yake jan burushi. Ya amsa sallama, ya dubi kakin Sajan, ya dubi kwalin da ke hannun yarinyar, ya ajiye burushin a bakin gwangwani.

"Baba, mun zo ne kan takardun ɗanka."

"Wa ya ce suna wurina?"

"Ba wanda ya ce."

Sajan ya jawo benci ya zauna, ya yi masa bayani kamar mai ba da labarin wani. Ya ce ba a fasa ƙofa ba, ke nan da makulli aka shiga. Wanda ya shiga ya mayar da takardu tsaf, amma ya sa huda a sama kamar fayil, abin da duk mai aiki a ɗakin ba zai yi ba ko idonsa a rufe. Ke nan baƙo ne. Amma baƙon nan ya tsince zanen Bahago sarai, ya bar uku da suke da alamarsa amma ba hannunsa ba ne. Darakta da ya yi shekaru tare da shi bai gane ukun nan ba, da shi ne da sha shida zai kwasa. Ita kuma yarinyar, in samfurin aikinta take nema, ai nata za ta ɗauka, ba ta bar su ba. Sai ya rage a nemo mutumin da bai san ɗakin ba amma ya fi 'yan ɗakin sanin hannun.

Tsohon ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumma, duk da fentin ya riga ya fita.

"Ni na koya masa jan layi," ya ce. "Yana shekara bakwai, a ƙasan nan. Na ce in ka sa hannu kada ka ɗaga sai layi ya ƙare. Ya fara da nauyi, ya ƙare siriri." Ya dubi Shiru-shiru. "Naki ya yi kyau, 'yata. Amma kina ɗagawa a tsakiya ki duba ko kin yi daidai. Shi ba ya dubawa."

Sauran ya faɗe shi a gutsure. Sai makon jiya ya iya buɗe jakar. Ya tarar da makulli da wani littafi na tsara fim, a shafin ƙarshe ga ƙofarsa, ga wani dogon abu tsaye a gabanta da hannu a sama. Ranar Lahadi da hantsi ya je, da niyyar ya gani kawai ya fito. Da ya ga layin, sai hannunsa ya ƙi mayarwa. Da ya gama faɗa, ya shiga cikin shagon ya fito da takardun a tsakanin kwali biyu, ko gefe bai lanƙwasa ba.

"Na jera su a ƙasa ina ta dubawa," ya ce. "A wannan hannun yana sama, a waccan yana ƙasa. Na rasa ganewa. Ya ƙwanƙwasa ne, ko bai ƙwanƙwasa ba?"

Sajan ya dubi waje. Shiru-shiru ta ce, Baba, sai an haɗa su ake gani.

Sajan ya fita bakin ƙofa ya kira Darakta a waya. Ya ce an samu takardun, yarinyar ba ruwanta, kuma wurinta Darakta zai fara neman gafara kafin a yi wata magana. Ya faɗi wanda ya ɗauka. Ukun nan kuwa bai ambace su ba, ba aikinsa ba ne. Darakta ya ce ya janye ƙara. Ya ce in an gama shigar da su kwamfuta a mayar wa tsohon, su hoton ya ishe su.

Da ya dawo ciki, ta riga ta saka kowace takarda a gurbinta, sittin cif. Ta durƙusa gefen tsohon, ta riƙe tarin ta wajen huda, ta nuna masa yadda ake sakinsu da babban yatsa. Mai Toka ya motsa. Ya taka zuwa ƙofar, hannunsa ya tashi, ya tsaya dab da katakon, ya daɗe a nan, ya sauka. Ya juya.

Tsohon ya ce ta sake. Ta sake. Ya karɓa da hannunsa ya gwada, takardun suka zube gaba ɗaya, ya kuma gwadawa har ya iya. Duk lokacin da hannun Mai Toka ya kai sama, sai ya tsayar da yatsansa.

"Ai a buɗe take," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ban taɓa sa mata sakata da rana ba."

Sajan ya miƙe a hankali. Burushin da tsohon ya ajiye ya fara ƙandarewa, fentin ma ya soma yin fata a sama. Ya tsoma burushin a gwangwanin kananzir, ya ɗora wa fentin murfi ya danna da tafin hannu, ya fita. Ba wanda ya ɗago ya dube shi.